Huhun Bijimin Malam Tanko

Makarfi, daren Laraba, farkon bazara, 1962

Yau ilimin duba dabbobi, wanda ni ne jakadansa a wannan gunduma, ya sha kaye a hannun karamci.

Da safe aka aiko cewa ɗaya daga bijiman noman Malam Tanko na Likoro ya faɗi bayan doguwar jinya ta tari, an yanka. Na aika a ajiye mini huhun, domin a jikinsa ake gane ko cutar mai yaɗuwa ce. Na isa a keke da azahar, aka shimfiɗa mini tabarma, aka dire akushin tuwo. Ga huhun nan an yi farfesunsa, har da citta.

“Ranka ya daɗe, mun ji abin da kake so ke nan,” in ji Malam Tanko.

Na tambayi kamannin huhun kafin ya shiga tukunya. Uwargida ta amsa daga bayan zana: “Ɓari guda ya yi tauri kamar hanta, Malam, da zane-zanen fari. Mahauci ma sai da ya ɓamɓaro shi daga haƙarƙari.”

Ciwon huhu ne, mai kama garke. A turke guda bijiman biyu suke kwana, kwatarniya guda suke shan ruwa, kuma Malam Tanko ba shi da wasu.

Malam Tanko ya matso ya rage murya: “Ɗayan zai kai damina kuwa?”

Ni da ban taɓa rasa jawabi ba, sai na cika bakina da tuwo.