Balgiz da Fatar Akuyar Kawu

Dumega, 4 ga Maris

Zuwa ga maigidana, Baban Fadila,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya tarin Fadila? Ni lafiya lau, sai kewarku.

Saƙonka ya iso, kana cewa in komo Yamai in canza batun bincikena. Ka yi haƙuri, ba zan canza ba. Shekara biyu ina bin kalma guda, balgiz. Ba wanda ya taɓa ganin ta a rubuce. Masana ne suka gano ta daga kalmomin Jamusanci, Ingilishi da danginsu, suka ce da ita kakanninsu ke kiran jakar fata. Farfesana ya maido mini babin da na rubuta a kanta, wai na kwafo littattafai ne kawai, ban gane abin da ya haɗa jaka da tumbi da zugazugin maƙeri cikin kalma ɗaya ba. Na ji zafi, domin gaskiya ya faɗa.

Shi ya sa na zo wurin Kawu Mahamadu baduku. Tun da jarka ta shigo gari bai ƙara ɗinka salka ba, kuma ya ce idonsa ya yi rauni. Sau uku yana korata. Gobe ma zan koma.

Taka,
Zalihatu

Dumega, 19 ga Maris

Baban Fadila,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, albishirinka! Kawu ya gaji da ganina a ƙofarsa. Ranar suna a maƙwabta aka yanka akuya, ya sa na riƙe ƙafafu, ya zare fatar ɗungurungum ta wuya, bai tsaga cikin ba. Bayan an jeme ta ya ɗaure ƙafafun, ya hura. Ta kumbura tim kamar akuyar ta ƙoshi!

Ya ce, "Ɗiyata, ki zuba ruwa, salka ce. Ki zuba hatsi, burgami. Ki bar iska ciki, maƙeri ya samu abin aiki."

Sai da na zauna a ƙasa. Tushen balgiz, in ji masana, shi ne kumbura. Na haddace wannan tuntuni, amma ran nan na gan shi. Shafi goma sha ɗaya na rubuta kafin la'asar.

Ina tafe ranar Alhamis, ka tarye ni a tasha. Fatar tana tare da ni, tana ɗan wari, sai ka daure. A kan teburin masu jarraba ni zan hura ta.

Ka shafa mini kan Fadila.

Matarka,
Zalihatu