Kujeru Biyun Baya

Gashua, ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Alamin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, da Anti Yagana da yara, da harkokin kasuwa. Ni da Suhaib da Modu muna nan yadda ƙaninka Sabitu ya tafi ya bar mu, Allah Ya jiƙansa.

Na ba direban tasha wannan takarda ne don in na kira ka a waya, bakina zai faɗi abin da ba zai gyaru ba. Na ga hotunan motoci biyun da ka turo, wai in taya ka zaɓe. Da farko har na ji daɗi, na ce ashe Yaya ya san da zamana. Sai na karanta yabon da ka jera wa doguwar, mai layin kujeru uku: tana ɗaukar mutum bakwai, ba ta kafewa a yashi, kayan gyaranta ga su nan birjik a Nguru. Na zauna na ƙirga gidanka. Kai da Anti da 'ya'yanku uku, ƙaramar ma ta ishe ku. To kujeru biyun nan na baya na su wane ne?

Ban yi karatu mai zurfi ba, amma ni ba sakarya ba ce. Tun ranar sadakar arba'in kake kewaye-kewaye da zancen riƙo, yau ka ce makarantun Nguru sun fi, gobe ka ce ga ɗaki nan babu kowa. Na kame bakina ne don ina takaba. Yanzu na fita. Duk watannin da Sabitu ya yi kwance da ciwon ƙoda, a keke Napep nake rungumarsa zuwa asibiti, ban ji wanda ya yi zancen mota mai ƙwari ba. Sai yau da za a kwashe mini yara aka san ingancin taya.

Ka sayi wadda ka ga dama, dukiyarka ce. Amma kada ka kuskura ka tsayar da ita a ƙofata da niyyar ɗaukar kowa. Keken ɗinkina na ciyar da su.

A gaida mutanen gida.
Rahama

Nguru, ranar Laraba

Maman Suhaib,

Wa alaikumus salam. Da fatan kuna lafiya ke da yaran, Yagana na gaishe ki.

Takardarki ta same ni a shago, sai da na tashi daga cikin mutane na ƙarasa ta. Kin mai da ni ɓarawon yara, na gode. 'Ya'yan Sabitu 'ya'yana ne, babu bambanci tsakaninsu da waɗanda na haifa, kuma ba sai na nemi izinin kowa ba kafin in faɗi haka. Gidaje nawa ciwon nan ya shiga a unguwarku? Ni ba likita ba ne, ban san daga ina yake ba, amma na binne ƙanina da hannuna, ba zan zuba ido in binne 'ya'yansa ba.

Tunda kin tsokano magana, ga ta. Ƙaramar na yi niyyar saya, ta fi sauƙin mai. Da yaran suka zo hutun Sallah na je wurin dillali da Suhaib. Shi ya zagaya ya haye layin baya na doguwar, ya ce nan ne wurinsa shi da Modu. Ya roƙe ni kada in faɗa miki. Na turo hotunan ne don maganar ta zo miki da sauƙi, amma ke ba a yi miki sauƙi. Kafin ki sake zagina, ki tambayi ɗanki.

Motar tana hannu, bakanike ya duba ta sarai. Ina tafe Juma'a bayan masallaci.

Wassalam.
Alamin

Gashua, ranar Alhamis

Alhaji Alamin,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun wuni lafiya. Mu ma da sauƙi.

Na tambaye shi. Bai musa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce duk inda ya juya a gidan nan tabarmar jinyar babansa yake gani, ba ya iya barci. Modu kuma ya ce inda yayansa ya sa ƙafa nan zai sa. Ban dake su ba, ban kuma yi kuka a gabansu ba. Kai ne ban yafe wa ba. Babba da kai ka ƙulla sirri da yaro a bayan uwarsa, ka zo kana tambayata wace mota ta fi kyau. Wallahi na tsani motar nan tun ban gan ta ba.

Ba zan ɗaure yaro a ɗakin da yake tsoro ba. Na wanke kayansu na shirya.

Ɗazu na je tasha na sa aka nuna mini irinta, na shiga har can baya na zauna. Gwiwata na dukan kujerar gaba, tagar kuma ba ta buɗuwa ko kaɗan. Modu amai yake yi a mota, ba ya kai Jajimaji sai an tsaya, kuma kunya ba za ta bar shi ya yi magana ba. Suhaib ma ba ya jure zafi tun yana jariri. Ka ce babu bambanci, to madalla. Ka zo da naka ukun gobe. Biyu daga cikinsu su shige baya, nawa su zauna tsakiya kusa da taga. Ina tsaye a ƙofar gida zan gani da idona. In ka ɗaga kujera ka nuna wa Modu baya, da hannuna zan sauke jakarsu, kowa a unguwa ya ji.

Kada a riƙa ba Modu madara kafin tafiya. Akwai lemun tsami a aljihun jakar, ya riƙa shinshinawa.

Kuma don Allah kada ka yi mini tayin in shiga in raka su. Tun ranar Litinin na ƙirga kujerun, na san babu tawa.

Ka gaida Anti Yagana, amanarsu na wuyanku.
Uwar yaran,
Rahama