Gashin ɗiyata ya cika tsagar bango

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni ba ɗan lakwal ba ne, ban yi boko ba, ku yi haƙuri da rubutun.

Ni magidanci ne a wani ƙauye kusa da Tsarnawa, noma nake, da rani in yi dakon albasa da amalanke. Matata ta rasu shekarun baya, ciwon daji ne a mama. Da anka kai ta Yamai sunka fara sa mata ruwan magani, gashinta ya zube tas, lokotoro ya ce kar mu damu zai fito. Bai fito ba, haka munka rufe ta.

Ta bar mini ɗiya guda, yanzu budurwa ce, ita ke riƙe da gidan. Bayan girbi mai kitso ta lura gashinta na raguwa a tsakar kai. Na kai ta asibitin Ƙonni, anka ɗebi jini, anka ce ba komi sai ƙarancin jini, anka rubuta mata ƙwayoyi da wani ruwa a 'yar kwalba ta riƙa shafawa. Ni da hannuna na sawo a farmasi.

To kun san mata in sun taje kai ba su yar da gashi ƙasa, dunƙule shi suke su cusa a tsagar bango. Namu bangon yana bayan madafa, nan uwarta take sawa, ita ma nan ta gada. Wajen wata guda da fara maganin na je ɗaukar hauya a wurin, sai na ga tsagar ta cika maƙil, har an fara cusawa a ta kusa da ita. Wallahi sai da na zauna ƙasa. Rabona da ganin tsagar nan haka tun ciwon uwarta. Ashe shi ya sa ko daka take ba ta cire kallabi, kuma ba ta gaya wa kowa ba.

Na koma wajen lokotoro ni kaɗai. Ya ce haka maganin yake yi wa wasu da farko, tsohon gashi yake turowa ya faɗi sabo ya tsiro, kamar itace kafin toho, a ci gaba da shafawa, in bai lafa ba nan da 'yan watanni in maido ta. Na tambaye shi ko ciwon uwarta ne, ya ce ko kusa, na uwarta ma ba ciwon ya zubar da shi ba, magani ne. To ni nan hankalina ya ƙara tashi, can magani, nan ma magani, kuma can ma an ce zai fito.

Kakarta, uwar marigayiya, da ta ji sai ta zo ta ɗauke kwalbar ta tafi da ita gidanta. Ta ce asibiti ya ci mata guda ba zai ci ta biyu ba, rubutu da man shanu za a yi. Ba ni take kallo ba, bango take kallo tana faɗa. Suruka ce, mi zan ce mata.

Jiya da safe yarinyar ta kawo mini kunu ta durƙusa ba ta tashi ba. Ta ce, "Baba, in ciwon Inna ne ka gaya mini, zan iya ɗauka." Na ce ba shi ba ne. Ta ce, "Ita ma haka ka ce mata."

Jama'a, ko akwai wanda ya shafa irin wannan magani gashi ya zube kuma ya ga fitowarsa da idonsa? In je in amso kwalbar ko in bar ta wajen tsohuwa? Kuma mi zan gaya wa yarinyar nan ta yarda da ni, tunda ni ma ban gama yarda ba?