Akwatunan da ke Ƙarƙashin Coci

Limnos, 3 ga Maris, 1994

Yaya Stamatiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafafun sun yi sauƙi. Despina 'yata tana gaishe ki.

Likita ya ce zuciyata ta gaji, ni ma na yarda da shi. Kafin in kwanta ina so in ga ƙasusuwan Baba da Mama sun dawo ƙauyensu, nan tsibirin Limnos. Na yi magana da Fadan cocin nan, ya ware musu wuri a ɗakin ƙasusuwa, kusa da inda za a ajiye ni. Ke kika tone su bayan shekara uku yadda aka saba, ke kika wanke su da ruwan inabi, kika sa su a akwati a ƙarƙashin cocinmu na can. Akwati biyu ne kawai. Ki aiko su ta hannun mai zuwa, ko ki ɗauko su ki taho gaba ɗaya. Me ya rage miki a Iringa?

Ƙanenki, Lefteris

Iringa, 10 ga Afrilu

Lefteris,

Na ga takardarka, Ubangiji ya ƙara sauƙi. Ƙafafu suna nan yadda ka san su, sai dai sun ƙara taurin kai.

Ka ce me ya rage mini. Kai ka tafi kana da shekara talatin, ka manta. Gida tara ne suka gina cocin nan, duk manoman taba, biyar daga Limnos, huɗu daga tsibirin Kubrus. Baba da shanunsa ne suka jawo duwatsun daga rafi. Shekara biyu gini yana tsaye ba rufi saboda rigimar sunan waliyyin da za a sa masa. Ka tuna Kiriyakos Bakubruse? A bakin ƙofa ya ce wa Baba, "Argiris, kai da ko karatu ba ka iya ba, kai ne za ka zaɓa mana waliyyi?" Baba ya ce, "Ni na ɗauko dutse, kai ka ɗauko baki. A tambayi bango wa ya sani." Shekara ashirin ba su gaisa ba, ɗaya a dama, ɗaya a hagu, kowace Lahadi.

Yanzu duk sun watse, wasu Atina, wasu Ostireliya, wasu ƙasa ta rufe su. Ni kaɗai ce Bahelena da ta rage cikin mutanenmu, sauran duk 'yan ƙasar nan ne. Amma coci cike yake, har a taga ake tsayawa, da Swahili ake addu'a. Fada Timoteyo yana karanta sunayen gidajen tara duk Asabar ɗin tunawa da matattu, yana murɗe su yadda da Mama tana raye sai ta toshe kunne. Hannuna ba ya iya kwaɓa gurasar hadaya, Mama Yustina, wata 'yar ƙasar nan, ita ke yi, ni in zauna in yi ta gyara mata abin da ba ya buƙatar gyara. Na gaji, Lefteris, ba zan ɓoye maka ba.

Ka huta lafiya. Yayarka.

Limnos, 6 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa. Shafi biyu kika cika, ba ki ce komai a kan akwatunan ba. Tun muna yara haka kike, a tambaye ki gishiri ki ba da labarin teku. Ba ni da lokacin wannan. Za ki aiko ko ba za ki aiko ba?

Lefteris

Iringa, 19 ga Yuni

Ƙanena,

Gaisuwa da fatan alheri. Sau uku ina fara wannan takarda ina yagawa.

Babu akwati. Shekara goma sha ɗaya ke nan da na sani.

Mutanenmu sun yi akwatunan da katako, don haka ake yi a gida, kuma a gida katako yana shekara ɗari a ƙarƙashin coci ba abin da ya same shi. Ba wanda ya tuna nan ƙasar gara ce. Bayan mutane sun tafi an daɗe ba a buɗe ɗakin ba. Ranar da muka buɗe, ni da Fada da Yustina, kantocin sun zube, akwatunan sun zama gari. Mutum talatin da huɗu a tuli ɗaya a ƙasa. Namu, da na Kubrusawa, da mutum bakwai 'yan ƙasa da aka fara yi wa baftisma, waɗanda Baba ya dage a ajiye su a kanta ta ƙasa, nesa da namu. Mahaifin Yustina yana cikinsu.

Na zauna a ƙasa ina kuka, na ɗauko wani ƙoƙon kai ina juyawa ko zan gane haƙoran Mama. Yustina ta ce, "Bari, Stamatiya, ajiye. Wataƙila babana kike rungume, shi kuwa bai taɓa son a taɓa masa kai ba." Sai muka yi dariya, Allah ya yafe mana. Muka sake wanke su duka, kwana biyu, Fada ya gina musu rami ɗaya na siminti.

Tun da takardarka ta farko ta zo nake tunanin in ɗebi wasu in zuba a akwatin ƙarfe in aiko maka. Ba za ka taɓa ganewa ba. Har ƙofar ɗakin na je da mabuɗi. Amma ina tsoron in aiko maka Kiriyakos ka kwanta kusa da shi har tashin matattu kana ce masa Baba. Kuma kunya ta hana ni raba Yustina da ko yatsa ɗaya na mahaifinta.

Na ɓoye maka ne don kai ka bar mini amanarsu ka tafi. Idan har yanzu kana so in ɗiba, ka faɗa, zan ɗiba. Ka yafe mini.

Yayarka, Stamatiya

Limnos, 20 ga Yuli

Yaya,

Na gaishe ki. Takardarki ta iso, Despina na sa ta rubuta mini wannan amsa.

Kada ki ɗebi komai. Na gaya wa Fadan nan ya ba wani mutum wurin da ya ware mana. Despina ta yi mini alkawari, idan na cika shekara uku a ƙasa za ta tone ni, ta wanke ni, ta kawo ni Iringa. Ki gaya wa Fada Timoteyo kada ya wahalar da kansa wajen neman akwati, a zuba ni a ramin nan tare da kowa.

Ki daure ki jira ni.

Ƙanenki, Lefteris