Dallukata a Hannun Najwa

Daga Dije a Alƙahira, zuwa ga ƙanwata Najwa.

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna? Ina fatan ambaliyar bana ba ta taɓa gonar Baba ba. Ni lafiya lau nake, aikin masaƙa tamam, ƙurar auduga ce kawai ta ɗan dushe mini murya. Kada Inna ta ji.

An turo mini bidiyon bikin Rayan daga garinmu Sinja. Ga ki tsakiyar mata rungume da dallukata, gangar nan tawa, kina rera waƙar da na ƙaga ranar da muke wanki a bakin kogi. Masha Allah, muryarki ta buɗe. Sau tara na kalla. Na ji Gwaggo Hadizatu tana cewa, "Wallahi ta fi Dije!" Ke kuma kika yi dariya.

Ban yi fushi ba. Ni nan ko guɗa na yi, sai maƙwabta su buga bango.

Ki riƙa gasa fatar gangar kafin kiɗa, na ji ta saki. Allah ya ƙara miki basira. Amma in an tambayi mai waƙar, don Allah ki ce tana nan da ranta.

Yayarki,
Dije