Duk Yadda Ka Gani

Zuwa ga Maman Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya ke da yara. Ki gaida mini Yaya, ki ce mata ƙanenta Dogo ya sauka ƙasar waje da ƙafafunsa biyu.

Kin ce in riƙa rubuto miki, tunda a waya ba ma wuce "lafiya lau, lafiya lau" mu kashe. To ga shi. Mutanen kamfaninmu suna zuwa suna komawa, zan riƙa ba su su kawo miki.

Ɗakin da aka ba ni yana can sama, sai an hau lifta. Gado ne da tebur da taga mai buɗewa kaɗan, sai kicin wanda in na ware hannuwa zan taɓa bango da bango. Shirun gidan ya fi komai damuna. Na haɗu da maƙwabcina a lifta, na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi gajiya, sai mutumin ya matsa gefe yana kallona kamar na zo masa da talla.

Kada ki yi dariya. Na zuba fararen rigunana duka a injin wanki, na haɗa da jan tawul ɗin da kika saka mini a jaka. Yanzu mijinki yana zuwa aiki da riguna ruwan hoda. Washegari na ce bari in soya albasa da ƙwai, na juya ina neman gishiri, sai wata na'ura a silin ta fasa ihu saboda hayaƙi. Kan ka ce kwabo mai kula da gidan ya iso da gudu, ya same ni a kan kujera ina yi mata fifita da faranti. A ranar burodi da shayi na ci.

Aikin kuwa ba laifi. Injin buga kwalin da kamfaninmu ya saya, irinsa ne a nan, tsawonsa ya kai babbar mota. Wani dattijo mai gemu ne ke koya mini haɗa shi da gyaransa. Ba ya hira, ba ya murmushi, amma hannunsa ya san aiki.

Ina kewarku ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Wata uku ne dai, in sha Allahu zan dawo kafin a buɗe makarantarku, kamar yadda muka yi.

Ki shafa mini kan yara.

Naki,
Baban Auta

*

Zuwa ga Injiniya,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, mun gode Allah da ka sauka lafiya. Yara suna gaishe ka, Yaya ma ta amsa.

Ka ce kada in yi dariya, ka makara. Na yi har sai da Auta ta zo tana tambayata ko kuka nake yi. Mutumin da ke kwance injin mai girman mota ya ɗaura, wai tawul ne ya kayar da shi! Ka ji: fari da fari, mai launi da mai launi. Albasa kuma ba a juya mata baya, ka rage wuta, ka ajiye gishirinka kusa tun kafin ka kunna. Rigunan kada ka yar, ka kawo mini, zan yi wa yara kayan barci da su.

'Yarka babba ta karɓe kujerarka, ta ce ita ce maigida har ka dawo. Auta ta ɗan yi tari makon jiya, asmarta ce ta motsa, amma na shaƙa mata magani da wuri ya lafa. Kullum sai ta kwanta a gefen da kake kwanciya.

Takardar makarantar koyon aikin jinya ta fito, sunana yana ciki. Sun ce zangon farko dole kowa ya zauna a ɗakin kwanan ɗalibai, sai ƙarshen mako a zo gida. Matar ofishin ta gane ni, ta ce, "Ke ce kika ɗaga bara saboda ciwon 'yarki ko? Bana ki tabbata kin zo, ba a ɗagawa sau biyu." Na ce mata maigidan yana hanya, shi zai riƙe yaran. Tela ya gama mini fararen kayan, na gwada, sun zauna daidai. Na rataye su a bayan ƙofa, kuma ba zan ba ka su ka wanke ba.

Ka riƙa cin abinci, kada ka dawo mana kamar sanda. Allah ya tsare.

Taka,
Maman Auta

*

Zuwa ga Maman Auta,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya. Ki yafe mini jinkiri, aiki ne ya sha kaina.

Albishirinki, ɗalibinki ya fara hankali. Na dafa shinkafa ba ta kama ba, na'urar silin ma mun shirya da ita. Na gane jirgin ƙasan da nake hawa ba tare da na duba allo ba, na san kantin da kayan miya suka fi sauƙi, na san shara kala-kala ce, kowace da kwandonta. Maƙwabcin nan yanzu shi ke fara ɗaga mini kai. Ranar hutu nakan zauna a wani benci kusa da kogi in yi ta kallon mutane da karnukansu. Abin mamaki, shirun nan da ya dame ni na fara jin daɗinsa.

Na yi ɓarna ɗaya a wurin aiki. Dattijon ya nuna mini yadda ake saita ƙarfen nan mai juyawa da ke jan kwali, ya ce, "Ka gane?" Ban gane ba, amma ta yaya zan sa mai furfura ya maimaita magana? Na ce na gane. Da aka kunna inji sai kwali ya cushe, tawada ta ɓata tari guda, aka tsayar da layi gaba ɗaya. Na ce yau kashina ya bushe. Dattijon ko kallon kwalin bai yi ba. Ya ce da ni, "Kwali muna da shi. Me ya sa ka ce ka gane?" Na ce girmamawa ce. Ya ce shi dai wannan girmamawar ta ci masa rabin yini. Tun ranar in ban gane ba sai in faɗa, shi kuma ya maimaita ko sau nawa ne ba ya gajiya. Har abincin rana muke ci tare yanzu.

Ga babbar magana. Manajan nan da namu sun yi shawara, suna so in ƙara wata huɗu in koyi ɓangaren lantarkin injin. In na gama, ni za a ba shugabancin sashen in na dawo. Maman Auta, kin san shekarun da na yi ina jiran irin wannan. Maganar makaranta, ina jin in aka roƙe su za su sake ɗaga miki, tunda mutane ne. Amma ban amsa ba tukuna. Me kika gani?

Ki gaida kowa da kowa.

Naki,
Baban Auta

*

Zuwa ga Maigida,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, da fatan kai ma haka.

Na ga saƙonka, na yi maka murna ƙwarai. Allah ya sanya alheri, ya ƙara ɗaukaka. Ka sha wahala a kamfanin nan, lokaci ya yi da za a san da kai.

Maganar ƙarin wata, duk yadda ka gani. Kada ka damu da mu, muna nan ƙalau. Makaranta ba wani abu ba ne.

Sanyi ya kusa a wurinku, ka sayi riga mai kauri. Yara suna gaisuwa.

Ka huta lafiya.

Maman Auta

*

Dogo,

Sallama. Ina gaisuwa, amma a tsaye, don ba hira ce ta sa na ɗauki biro ba. Yarana suna gaishe ka, shago yana nan yadda ka bar shi.

Ashe tsawon naka duk a ƙafa ya tsaya, bai kai kai ba? Ka kira ni kana murna wai matarka ta amince. Ta ce maka "duk yadda ka gani", kai kuma ka gani! Shekara nawa kuna tare? Yaushe yarinyar nan ta taɓa buɗe baki ta ce tana son abu? Ko takalmi ne sai dai ka ga ta tsaya tana kallonsa, ka tambaya ta ce a'a, kallo kawai take yi. Kai ma haka kake, shi ya sa kuka dace. Gidanku kowa yana jiran ɗan'uwansa ya karanta masa zuciya.

Na je gidan jiya. Fararen kayan da ta rataye a bayan ƙofa babu su. Na tambaya, ta ce ƙura ce take ɓata su. Babbar 'yarka ce ta ja ni gefe ta ce Mama ta ninke su ta saka a ƙasan akwati, kuma ta daɗe a ɗaki ƙofa a rufe. Na titsiye matarka. Ashe ta koma ofishin makarantar ta roƙa, matar ta ce ba yadda za ta yi, in ba ta zo ranar buɗewa ba za a ba wani gurbin, kuma baɗi shekarunta sun wuce waɗanda ake ɗauka. Ka ji? Babu baɗi.

Na ce ta kawo mini yaran. Ta ce gidana yana jikin injin niƙa, Auta ba za ta kwana biyu a nan ba sai an kwashe ta zuwa asibiti. Gaskiyarta ne. Ni kuma ba zan iya rufe shago in bar nawa yaran in tare a gidanku ba, ka san mijina ba shi da lafiya. Daga ita sai kai kuka san numfashin yarinyar nan in ya fara canzawa.

Ta roƙe ni kada in gaya maka, na ce mata to. Ga shi na gaya maka. Ba na ce aikinka banza ba ne, na san yadda ka ci wuya, kuma ina alfahari da kai. Amma ka yanke hukunci idonka a buɗe.

Allah ya yi maka albarka, ya ƙara maka basira, don kana buƙata.

Yayarka

*

Zuwa ga Maman Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni dai lafiyar jiki ce kawai.

Yaya ta rubuto mini. Kada ki yi fushi da ita, ni ya kamata ki yi fushi da shi. Kin rubuta mini ƙarara cewa ba a ɗagawa sau biyu, na karanta da idona, amma da abin ya zo kan abin da nake so sai na yi kamar ban gani ba. Na ɗauko takardarki ta ƙarshe na sake dubawa. Babu tsokana ko ɗaya a ciki, ko Injiniya ba ki kira ni ba. Kunya ta kama ni har na kasa cin abinci.

Na je wurin manaja na ce ya dakata. Ya ce zai jira ni zuwa ƙarshen mako mai zuwa. In na ce a'a, za a turo wani daga cikinmu ya koyi lantarkin, kuma shi za a ba sashen. Ya faɗa mini haka ba kwana-kwana, ya ce ba ya jin irin wannan dama za ta sake zagayowa nan kusa.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ina son matsayin nan. Ina son sa ƙwarai. Kuma ina iya haɗa jakata gobe in taho ban tambaye ki ba. Amma na san ki. In na dawo a kan maganar Yaya, za ki ce ke ba ki ce in dawo ba, ki ce na yi asara saboda ke, ki ƙi fito da kayan nan daga akwati. Mu tashi ba aikin, ba karatun.

Don haka na roƙe ki abu ɗaya, ban taɓa roƙonki irinsa ba. Na faɗi nawa, ki faɗi naki. Kada ki duba ni, kada ki duba yara, kada ki ce yadda na gani, don kin ga inda ganina ya kai mu. Abin da kika rubuto shi zan kai wa manaja, kuma wallahi ba zan taɓa yi miki gori a kai ba. Mai kawo miki wannan zai juyo jibi, ki ba shi amsa.

Ina gaida yara. Allah ya bar mu tare.

Mijinki,
Baban Auta

*

Baban Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka.

Na yaga takardu da yawa kafin wannan, duk sai in ga hannuna ya rubuta "ba komai". Akwai komai.

Ina son karatun nan. Tun kafin in san ka nake son sa. Na san abin da za ka rasa, ba ƙarami ba ne, kuma zai daɗe yana yi mini ciwo. Duk da haka ina so.

Ka dawo.

Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka