Rijiyar Ƙanena Kun Auna, Tawa Fa?

Zuwa ga Shugaban masu binciken ruwan rijiyoyi da suka zagaya yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Yankara, kuma da ƙorafi na zo.

Na farko, da rani ma'aikatanka sun wuce ta ƙofar gidana a kan babura, suka tsallaka rafi zuwa unguwar ƙanena Sule. Sun ɗebi ruwan rijiyarsa, suka ce akwai wani sinadari mai cutarwa da ake kira naitiret, suka bi sawunsa har suka gano daga garken shanunsa yake tsatsowa. Ya matsar da garken, aka nuna masa inda zai haƙa sabuwa. Ni ko kallon rijiyata ba a yi ba.

Na biyu, da damina jikata Hauwa, jaririya ce, leɓɓanta suka yi baƙi, numfashi yana yi mata wuya. A asibiti aka ce ana zargin akwai naitiret a ruwan rijiyata da ake dama mata koko da shi, kuma tafasawa ba ta fitar da wannan sinadari. Allah Ya tashi kafaɗunta. Amma har yau ban san mafarin abin ba. Takin zamanin da nake zubawa masara ne? Ko ramin masai na maƙwabcina ne? Ni da shi mun daina gaisawa a kan abin da babu wanda ya tabbatar.

Na uku, ba zan ɓoye maka ba, ina jin kishi. Ni na goyi Sule, ni na koya masa riƙon garma. Yanzu matan gidana ke tsallaka rafi da jarkoki suna roƙon ruwa a gidansa. Ranar kasuwa mutane na kewaye shi yana yi musu bayanin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ni ina gefe riƙe da akuya. Ba na yi masa baƙin ciki, amma da me ya fi ni?

Roƙona, a dawo a auna rijiyata da na maƙwabtana, a faɗa mana gaskiya. In takina ne, zan je da ƙafata in ba maƙwabcina haƙuri.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa ka gama da aikinka lafiya.

Wassalam.

Malam Haruna, yayan Sule.